Harafi ɗaya da ya sauya: nazarin lamarin P23H da cutar idon da ake gado

A watan Janairun 1990 mujallar kimiyya ta Nature ta buga rahoton wasu masu bincike na birnin Boston a Amurka, cikinsu har da Thaddeus Dryja da Eliot Berson. Sun ɗebi jinin mutum 148 da ba a san suna da wata dangantaka da juna ba, kowannensu yana fama da cutar idon nan da ake kira retinaitis figmentosa, irin wadda ke bin zuriya daga iyaye zuwa 'ya'ya ba tare da tsallake ba. A jikin 17 daga cikinsu aka tarar da abu guda: a wuri na 23 na ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera furotin mai suna rodofsin, inda ya kamata a karanta CCC, sai aka ga CAC. Harafi ɗaya ne ya sauya. Da aka duba mutum 102 masu lafiyar ido, ba a same shi a jikin ko ɗaya ba. Wannan sauyi yana sa jiki ya dasa amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) mai suna histidin a gurbin wani mai suna furolin, shi ya sa masana ke taƙaita sunansa da P23H, wato P na furolin a rubutun Turanci, 23 na wurin, H kuma na histidin. Shi ne sauyin gado na farko da aka taɓa nunawa da yatsa a ce ga musabbabin wannan cuta.

Na zaɓi wannan lamari ne domin ya fi kowanne fito da abin da ke faruwa idan makarɓin saƙo na ƙwayar halitta, wato furotin irin rodofsin da ke karɓar saƙo daga waje ya isar da shi cikin ƙwayar, ya samu tangarɗa. Mutum zai ɗauka cewa idan makarɓi ya lalace, saƙo ne kawai ba zai shiga ba. A nan kuwa ɓarnar ta wuce haka nesa, domin makarɓin da ya lalace shi ne ke kashe ƙwayar da ke ɗauke da shi, sannan mutuwarta ta ja maƙwabtanta waɗanda babu abin da ya same su tun asali.

Yadda cutar ke shigowa

Da dundumi take farawa. Yaro ko matashi zai lura cewa idan magariba ta yi, ko ya shiga ɗaki mai duhu daga cikin rana, sai ya tsaya cak yana lalube alhali na kusa da shi sun riga sun wuce. Idon mai lafiya yana bukatar minti 30 zuwa 40 kafin ya gama sabawa da duhu. Idon mai wannan cuta yana iya ɗaukar sa'o'i, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Yawancin mutane ba sa ɗaukar abin a bakin komai, musamman a inda fitilu suka wadata, don haka akan yi shekaru ba a je asibiti ba.

Daga nan sai gefen gani ya fara zaizayewa. Ba daga can ƙarshen gefe yake farawa ba, daga tsaka-tsaki ne, wani zobe na rashin gani da ke kewaye tsakiyar abin da ake kallo, ya riƙa faɗaɗa ciki da waje. Mutum yana iya karanta ƙananan rubutu sarai amma ya yi tuntuɓe da kujerar da ke gefensa, ko a miƙo masa hannu a gaisa bai gani ba, a ce yana da girman kai. Wannan ɓangare na cutar yana da ciwo a rai, domin idon a zahiri garau yake, babu ja, babu fari, babu abin da na waje zai gani ya tausaya.

Idan likita ya buɗe ƙwayar idon da magani ya leƙa bayansa, abubuwa uku yake nema. Akwai baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu rassa warwatse a gefen retina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido yana karɓar haske. Akwai jijiyoyin jini da suka sirance. Sai kan jijiyar gani da ya koɗe ya yi fari-fari mai ɗan rawaya. Amma tun kafin waɗannan su bayyana, gwajin lantarkin retina yana tona asirin cutar. Ana zaunar da mutum cikin duhu, a ɗora siririyar waya a kan idonsa, a haska ɗan walƙiya mai rauni, sannan a auna amsar da retina ta bayar. A idon mai cutar amsar takan zo ƙarama kuma a makare. Berson ya shafe rayuwarsa ta aiki a kan wannan gwaji, kuma tarin marasa lafiyar da ya daɗe yana bibiya su ne aka ɗebi jininsu a binciken 1990.

Cutar gaba ɗaya tana kama kimanin mutum 1 cikin 4,000 a duniya, kuma ƙwayoyin gado da dama ne ke iya jawo ta. A cikin nau'in da kwafi ɗaya mai tangarɗa ya isa ya kawo cuta, sauye-sauyen rodofsin su ne kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Makarɓin da ake magana a kansa

A retina akwai ƙwayoyin karɓar haske iri biyu. Masu siffar sanda su ne na ganin duhu, yawansu ya haura miliyan 90 a ido ɗaya. Masu siffar mazurari su ne na rana da launi da karatu, ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba, kuma sun fi cunkushewa a tsakiyar retina, inda babu sanda ko ɗaya. Rodofsin na ƙwayoyin sanda ne kaɗai. Franz Boll ne ya fara lura da shi a 1876, a matsayin wani jan launi a idon kwaɗo da ke koɗewa da zarar haske ya taɓa shi, kuma George Wald ya samu kyautar Nobel a 1967 kan bayanin yadda sinadarin bitamin A ke aiki a cikinsa.

Rodofsin sarƙa ce ta amino asid 348 da ke ratsa fatar ƙwayar halitta sau bakwai. Ɗan babban dangi ne na makarɓai kusan 800 a jikin ɗan Adam, waɗanda ke karɓar ƙamshi da ɗanɗano da saƙonnin sinadaran jiki, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake amfani da su a yau a kan wannan dangi suke aiki. Bambancin rodofsin shi ne saƙonsa haske ne. A cikin cikinsa akwai wani ɗan guntun sinadari da ake samu daga bitamin A, mai suna retinal, wanda yake zaune a lanƙwashe, maƙale da amino asid na 296. Muddin yana lanƙwashe, makarɓin yana kulle shiru. Da haske ya sauka a kansa sai ya miƙe, miƙewar ta tura furotin ya sauya siffa, ya tayar da wani furotin mai suna taransdusin, shi kuma ya tayar da na gaba, har ƙofofin da ke fatar ƙwayar su rufe, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Tsarin yana da kaifin da ƙwayar sanda ɗaya ke iya amsa ƙwayar haske ɗaya tak.

Abin da ya kamata a riƙe don fahimtar cutar shi ne yawan da ake ƙera wannan furotin. Kan ƙwayar sanda jerin fayafayai ne kusan dubu, an ɗora wani kan wani, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na furotin da ke jikinsu rodofsin ne. Richard Young ya nuna a 1967 cewa fayafayan nan ba dauwamammu ba ne. Kullum ana ƙera sababbi daga tushe, ana yar da tsofaffi daga sama, kusan kashi ɗaya cikin goma a rana, ta yadda cikin kwana goma an sabunta kan gaba ɗaya. Ke nan ƙwayar sanda ba ta hutawa da ƙera rodofsin tun daga haihuwa har mutuwa. Ita kuma kanta idan ta mutu ba a maye gurbinta.

Yadda aka kai ga wuri na 23

Jeremy Nathans da David Hogness sun karanta ƙwayar gadon rodofsin ta ɗan Adam a 1984, an kuma san tana kan kuromosom na 3, ɗaya daga cikin ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a kansu. A 1989 ƙungiyar Peter Humphries a Dublin ta bi diddigin cutar a wani babban dangi na ƙasar Ailan, ta gano cewa tana tafiya tare da wani yanki na wannan kuromosom ɗin. Masu binciken Boston ba su ɓata lokaci ba, suka duba rodofsin kai tsaye, suka dace. Shi dangin na Ailan, daga baya a 1992 aka gano cewa nasu sauyin daban ne, a wuri na 207.

Akwai wani abin da ya biyo baya mai ban sha'awa. Da masu bincike a Turai suka nemi P23H a tsakanin marasa lafiyarsu, ba su same shi ba. A Amurka kuwa shi ne ya fi kowane sauyin rodofsin yawa, yana da alhakin kusan kashi 10 cikin ɗari na wannan nau'in cutar. Da aka duba alamomin gado da ke kewaye da sauyin, sai aka ga iri ɗaya ne a iyalan da ke ɗauke da shi. Ashe waɗancan mutanen da aka ɗauka ba su haɗa komai ba, kaka ɗaya suka fito, wanda sauyin ya auku a jikinsa ko ya shigo da shi, zuriyarsa ta bazu har ta manta da juna. Zuwa yau an lissafa sauye-sauye sama da 150 a wannan ƙwayar gado guda.

Me ya sa kwafi ɗaya ya isa ya yi ɓarna

Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon rodofsin, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai P23H yana da kwafi ɗaya lafiyayye. Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya hana lafiyayyen ya riƙe aikin? Amsar farko da za ta zo wa mutum ita ce rabin rodofsin bai isa ba. Amma hujja ta rushe wannan. A 1992 aka ba da rahoton wani sauyi a wuri na 249 wanda ke katse furotin gaba ɗaya, ya zama kamar ba a ƙera shi ba. Wanda ya gaji kwafi biyu irin wannan ya kamu da cutar. Waɗanda suka gaji ɗaya kuwa ba su kamu ba, illa ɗan raunin da na'ura ke iya aunawa. Ɓerayen da aka cire musu kwafi ɗaya su ma ba su yi irin lalacewar masu P23H ba. Wato rashin rabin rodofsin ya fi sauƙi a kan samun rabin da ya lalace. Ba rashi ne ke kashe ƙwayar ba, abin da ake ƙerawa ne ke cutar da ita.

Wuri na 23 yana can kusa da farkon sarƙar, a ɓangaren da ke naɗewa ya zama murfi a kan ramin da retinal ke zaune. Furolin amino asid ne mai tauri, yana tilasta wa sarƙa ta karya kwana a daidai inda yake, kuma an same shi a wannan wuri a dangin furotin ɗin a halittu iri-iri, alamar cewa ba a wasa da shi. Da aka sa histidin a gurbinsa sai murfin ya kasa zama daidai, furotin ya fito a naɗe ba bisa ƙa'ida ba. A 1991 Ching-Hwa Sung da Nathans suka gwada sauye-sauyen rodofsin a ƙwayoyin da ake renonsu a ɗakin gwaji, suka ga sun kasu gida biyu. Wasu suna naɗewa daidai, suna riƙe retinal. Wasu kuwa, cikinsu har da P23H, suna maƙalewa a sashen ƙwayar da ake harhaɗa furotin ana tantance shi kafin ya fita.

Wannan sashe yana da tsarin kansa na tsaro. Duk furotin da bai naɗu daidai ba ana riƙe shi, a sake gwada naɗe shi, idan ya ƙi a tura shi wurin niƙewa. A mafi yawan ƙwayoyin jiki wannan ya wadatar, domin abin da ke lalacewa kaɗan ne. A ƙwayar sanda mai P23H kuwa, rabin babban abin da take ƙerawa dare da rana ne ke fitowa a lalace. Injin niƙewa yana cika ya tumbatsa, sauran furotin da ke jiran a share su su taru. Ƙwayar tana kunna wani tsarin neman agaji wanda da farko taimako ne, yana rage ƙera furotin, yana ƙara masu taimakon naɗewa, amma idan ya daɗe a kunne yana iya karkata zuwa umarnin mutuwa. Masana sun yi saɓani kan ko wannan tsarin ne babban mai kisa, ko cunkoson injin niƙewa, ko kuma ɗan abin da ke kuɓucewa.

Domin kuwa akwai mai kuɓucewa. A ɓerayen da aka dasa wa ainihin sauyin a 2011, an ga cewa ana niƙe mafi yawan lalataccen furotin, amma kaɗan yana tsallakewa ya kai ga fayafayan, kuma fayafayan suna fitowa a hargitse maimakon jeruwa a tsare. Ga kuma wata ɓarnar: rodofsin yana zama ne kusa da ɗan'uwansa, don haka lalataccen yakan maƙale wa lafiyayyen ya ja shi zuwa wurin niƙewa tare. Wake ɗaya ke ɓata gari. A ganina neman mai laifi guda a cikin waɗannan hanyoyi ɓata lokaci ne. Ƙwayar da ba a maye gurbinta, wadda ke ɗauke da wannan nauyi shekara da shekaru, kowace daga cikinsu tana rage mata kwana.

Haske, da sauran abin da ke bambanta mutum da mutum

Wani abin da likitoci suka lura da shi a yawancin masu P23H shi ne cutar ba ta cin retina bai ɗaya. Ɓangaren ƙasa ne ke fara lalacewa, kuma tunda ido yana juya hoto, mai cutar yana fara rasa ganin abin da ke sama. Ɓangaren ƙasa na retina shi ne wanda hasken da ke zuwa daga sama, na rana da na fitila, ya fi sauka a kansa. Gwajin dabbobi ya ƙarfafa wannan zato. Ɓerayen da ke ɗauke da sauyin sun fi saurin lalacewa idan aka bar su a haske mai ƙarfi, kuma renon su cikin duhu yana jinkirta abin. A wani nau'in manyan karnukan Ingila da ke da sauyi a wuri na 4 na rodofsin, an nuna a 2005 cewa hasken da bai wuce wanda ake ɗaukar hoton bayan ido da shi a asibiti ba ya isa ya lalata wurin da ya sauka. Bayanin da ya fi zama shi ne retinal a lanƙwashe yana taimaka wa furotin mai rauni ya tsaya da ƙafarsa, haske kuwa yana raba su, sai furotin ya wargaje.

Ba a yi gwajin da ya tabbatar cewa baƙin tabarau yana jinkirta cutar a jikin mutane ba, amma likitoci da dama suna ba da shawarar sa shi da hula mai baki a rana, kuma ina ganin shawarar ta dace. Ba ta da tsada, ba ta da haɗari, kuma hujjar dabbobi tana da nauyi. Haka nan ya kamata likita ya yi tunani sau biyu kafin ya dinga haska idon irin waɗannan marasa lafiya da fitila mai ƙarfi ba tare da bukata ba.

A jimlace P23H yana cikin masu sauƙi. Da yawa suna riƙe ganin tsakiya har cikin tsufa, ko da yake a gida ɗaya ana iya samun wa da ƙane da cutar ta yi wa tafiya daban. Kwatanta shi da sauyin wuri na 347, can ƙarshen sarƙar. A nan furotin yana naɗewa lafiya, amma alamar da ke nuna inda za a kai shi ce ta goge, sai a riƙa zubar da shi a sassan ƙwayar da ba nasa ba, kuma cutar takan fi tsanani da saurin ci.

Wuri na 90 ya fi kowanne koyar da darasi. Idan aka sauya amino asid mai suna gilaisin da ke wurin da wani mai suna asfatik asid, kamar yadda Paul Sieving da abokan aikinsa suka bayyana a wani dangi a 1995, makarɓin yana zama a ɗan kunne ko da babu haske. Ƙwayar sanda tana ɗauka kullum akwai haske, sai ta kasa jin raunanan hasken dare. Mutum yana da dundumi tun haihuwa, amma ƙwayoyin suna nan da ransu, kuma ganin rana yana zama lafiya shekaru masu yawa. Idan kuwa da amino asid mai suna falin aka sauya wannan gilaisin ɗin, a wuri ɗaya a furotin ɗaya, sai a samu cutar da ke kashe ƙwayoyin. Don haka faɗa wa mara lafiya cewa rodofsin ɗinsa ne ya samu matsala bai gama ba shi labari ba. Sai an san wane wuri ne, kuma me aka sa a gurbin me.

Ba rodofsin kaɗai ne makarɓin da ke jawo irin wannan cuta ba. Akwai MERTK, wanda ke kan ƙwayoyin da ke bayan retina masu haɗiye tsofaffin fayafayan da aka yar. Idan ya lalace shara ce ke taruwa har ta shaƙe ƙwayoyin haske, kuma a tsibiran Faro da ke arewacin tekun Atlantika shi ne ke da alhakin kusan kashi 30 cikin ɗari na cutar. Akwai kuma makarɓin da ke kan ƙwayar da ke karɓar saƙo daga sanda, wanda lalacewarsa ke kawo dundumin da ba ya ƙaruwa.

Mutuwar da ba ta kamata ba

Ƙwayoyin mazurari ba sa ƙera rodofsin, don haka sauyin bai shafe su ba ko kaɗan. Da a ce sanda kaɗai ke mutuwa, da mai cutar ya rayu da dundumi kawai, ya ci gaba da karatu da gane fuskoki. Amma bayan sanda sun ƙare, mazurari ma sukan bi su a hankali, kuma wannan mutuwa ta biyu ita ce ke kawo ainihin nakasa. An gano dalilai da ke haɗuwa. Sanda su ne ke shan mafi yawan iskar oksijin da ke zuwa bayan retina, idan suka tafi sai iskar ta yi wa mazurari yawa ta riƙa ƙona su. A 2004 Thierry Léveillard da José-Alain Sahel suka bayyana wani furotin da sanda ke fitarwa wanda ke raya mazurari, daga baya aka gane yana taimaka musu ne wajen shan sukari. Idan babu shi sai yunwa ta kama su. Muhimmancin wannan shi ne duk maganin da zai ceci mazurari zai amfani masu cutar ko da wace ƙwayar gado ce ta jawo musu ita.

Batun magani

A 1993 Berson ya buga sakamakon gwaji kan mutum 601, inda ya ce shan bitamin A awo 15,000 a kullum yana jinkirta raunin amsar lantarkin retina, bitamin E awo 400 kuwa yana iya ƙara saurinsa. Shekaru da dama ana rubuta wa marasa lafiya bitamin A bisa wannan, duk da cewa tun farko wasu masana sun yi jayayya. A 2023 masu bincike na asibitin da aka yi gwajin suka sake nazarin bayanan tare da sanin ƙwayoyin gadon mahalarta, ba su ga amfanin bitamin A ba, amma illar bitamin E ta tabbata. Bitamin A mai yawa yana cutar da hanta, yana iya nakasa ɗan tayi, kuma a wata cutar retina da ake gado mai suna Stargardt ana tsoron yana ƙara ɓarna. Bai kamata kowa ya saya ya sha da ra'ayin kansa ba.

A Disamban 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Luxturna, maganin da ke kai lafiyayyen kwafin ƙwayar gado mai suna RPE65 cikin ido. Masu P23H da yawa sun ji labarin sun sa rai, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai waccan cuta ta rashi ce, kwafi biyun duk ba sa aiki, ƙarin lafiyayye ya wadatar. A P23H lafiyayyen yana nan tun asali, mai ɓarnar ne ake bukatar a rufe wa baki. Ƙara rodofsin ma da kansa yana da haɗari, domin an ga a ɓeraye cewa ko lafiyayyen ne idan ya yi yawa yana kashe ƙwayar.

Hanyoyin da ake bi ke nan sun fi wuya. Ɗaya ita ce a aika ɗan guntun sinadarin gado da zai gane saƙon kwafin da ya lalace kaɗai ya rushe shi, ya bar lafiyayyen, alhali bambancinsu harafi ɗaya ne. An fara gwada irin wannan allurar a idon masu P23H a 2019. Ta biyu ita ce a kashe kwafi biyun duka, sannan a dasa sabo wanda aka ƙera yadda mai kisan ba zai gane shi ba. Artur Cideciyan da abokan aikinsa sun nuna a 2018 cewa wannan ya kare retinar karnukan nan masu sauyin wuri na 4, kuma alfanunsa shi ne zai yi aiki ga kowane daga cikin sauye-sauyen sama da 150. Ta uku ita ce neman ƙananan sinadarai da za su zauna a ramin retinal su tallafa wa furotin ya naɗu daidai, abin da aka ga yana yiwuwa a ɗakin gwaji. Babu ɗaya daga cikinsu da ta zama maganin da likita ke rubutawa tukuna.

Wannan ba ya nufin babu abin yi. Masu cutar sukan yi yanar ido da wuri, kuma ana cire ta gani ya ƙaru. Wasu ruwa yakan taru musu a tsakiyar retina, kuma akwai ƙwayoyin magani da ɗigon ido da ke rage shi. Koyon tafiya da sanda tun kafin gefen gani ya ƙare, da tabarau masu ƙara girma, da gyara hasken gida, duk suna tsawaita shekarun da mutum zai yi yana dogaro da kansa. Abin takaici ne a sallami mutum da kalmar babu magani alhali waɗannan suna nan.

Gwajin gado kuwa, a ra'ayina, haƙƙin duk mai wannan cuta ne. Da shi ake sanin ko tafiyar za ta yi sauri ko a hankali, da shi ake shiga gwajin sababbin magunguna, da shi kuma ake ba iyali amsa. Ga mai P23H lissafin a bayyane yake: kowane ciki, namiji ne ko mace, yana da rabin yiwuwar gadon sauyin, kuma abin da ya faru a haihuwar baya ba ya sauya na gaba. Ɗan da bai gada ba ba zai ba nasa 'ya'yan ba. Wannan ya bambanta da nau'in da sai iyaye biyu sun haɗu a kan sauyi ɗaya, da kuma nau'in da ke bi ta uwa ya bayyana a 'ya'ya maza, kuma rikita su yana jawo zargi a cikin iyali ba gaira ba dalili.

Akwai wata matsala da ke jiran duk wanda zai gwada magani a kan P23H, kuma daga sauƙin cutar ta fito. Abin da ke lalacewa a hankali cikin shekaru talatin ko arba'in yana da wuyar nuna cewa an tsayar da shi a gwajin shekara biyu, balle ga bambancin da ke tsakanin mutum da mutum. Shi ya sa masu bincike ke bibiyar marasa lafiya tun kafin a ba su komai, suna auna faɗin layin ƙwayoyin haske da ya rage a hoton retina shekara bayan shekara, domin a san saurin raguwarsa idan ba a taɓa shi ba. Sannan maganin da ke rufe bakin kwafin da ya lalace yana amfani ne inda sanda ke da sauran rai, don haka waɗanda za su fi cin moriyarsa su ne waɗanda aka gano da wuri, galibi matasan da dundumi ne kaɗai ke damunsu.